Ram dinka 3200 aka rubuta a jikinsa amma a 2133 yake tafiya: yadda zaka saita sifid da taimin

Salam 'yan uwa. Abinda yasa na zauna rubuta wannan, kwanaki wani kanina dake aikin hada bidiyon biki ya dauko kwamfutarsa ta tebur ya kawo min shago wai tayi masa nauyi yanaso ya karo ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke dora aikin da take yi a kai, har ya tanadi kudinsa a aljihu. Nace tsaya tukuna mu duba. Muna kunnawa na bude CPU-Z, manhajar dake nuna bayanin kayan cikin kwamfuta, sai naga ram din da ya zuba kudi ya siya mai 3200 ashe a 2133 yake tafiya, kuma sama da shekara guda kenan a haka, wanda ya hada masa injin ya daura komai ya rufe ya miko masa bai taba leka bayos ba, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi. Abin ya bani haushi wlh, domin yaron nan ya biya kudin abu amma bai taba cin moriyarsa ba. Kuma ba shi kadai bane, da yawan kwamfutocin da ake hadawa haka suke zaune.

Dalilin da yasa hakan ke faruwa ba wai ram din jabu bane. A jikin kowane ram akwai wani dan mitsitsin cip da ake kira SPD, a ciki aka rubuta bayanin ram din. Idan ka kunna inji bod, wato babban allon da ake jona komai a kai, zai karanta wannan bayani ya dauki saitin da yafi kowanne tsaro, wanda kungiyar JEDEC ta tsara, ita ce ke fitar da ka'idojin ram na duniya. A DDR4 wannan saitin yawanci 2133 ne ko 2400 ko 2666 a kan wuta 1.2V, a DDR5 kuma daga 4800 ake farawa a kan 1.1V. Shi wancan babban lambar da aka buga a kwali, 3200 ko 3600 ko 6000, yana ajiye ne a wani furofayil daban a cikin cip din, sai ka shiga ka kunna shi da hannunka. Intel ne suka kawo wannan tsari a 2007 suka sa masa suna XMP, AMD kuma suka fito da nasu mai suna EXPO a 2022 lokacin da Ryzen 7000 ya fito. A bod din ASUS na AMD zaka ga an rubuta DOCP, a na MSI kuma A-XMP, duk abu daya ne suna ne ya bambanta.

To fara duba naka kafin ka taba komai. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai bude, shiga Performance ka danna Memory, a kasa zaka ga sifid din da yake kai yanzu da kuma silot nawa aka cika. Amma ni nafi yarda da CPU-Z, kyauta ne kuma bashi da nauyi. Nan ne mutane da yawa suke rudewa: a shafin Memory zaka ga DRAM Frequency ya nuna kusan 1600 sai hankalin mutum ya tashi yace an cuce shi, 3200 ya siya. Ba'a cuce ka ba dan uwa. Ram irin DDR sau biyu yake tura bayani a kowane bugun agogonsa daya, don haka abinda ka gani ka ninka shi biyu. 1600 na nufin 3200, 1800 na nufin 3600, 3000 na nufin 6000. Idan kuwa 1066 ka gani to a 2133 kake, kamar kanina. Sai ka koma shafin SPD, akwai jadawali a kasa da zai nuna maka duk saitin da ram din yake dashi, idan akwai XMP zaka ganshi a layin karshe da boltej dinsa. Idan babu shi kwata kwata to ram dinka na JEDEC ne zalla, babu abinda zaka kunna.

Kafin mu shiga maganar sifid sosai akwai abu biyu da suka fishi muhimmanci kuma bana so in tsallake su. Na farko yawan ram. Wanda yake da 8GB yana bude Chrome da shafi ashirin ga Premiere a gefe, ko da zai kai ram dinsa sifid din da babu kamarsa ba zai ji sauki ba, saboda da zarar ram ya cika Windows zai fara jibge kaya a kan diski, diski kuwa ko SSD ne bai kama kafar ram ba. Wannan mutumin 16GB yake bukata ba taimin ba, wato lambobin jiran ram da zan yi bayani a kasa. Na biyu kuma shine ram guda biyu maimakon guda daya. Firosesa tana da hanya biyu da take bi zuwa ram, idan ka sa kwaya daya ka rufe mata hanya daya kenan. DDR4 mai 3200 kwaya daya iyakar abinda zai iya wucewa dashi a sakan daya shine 25.6GB, idan kwaya biyu ne a hanya biyu ya zama 51.2GB. Babu wani matse taimin da zaka yi ya baka ninki biyu irin wannan. Shi yasa 8GB biyu yafi 16GB daya, musamman ga wanda bashi da girafik kad daban, irin masu Ryzen 5 5600G ko masu girafik din Intel na cikin firosesa, domin su girafik din nasu daga ram din injin yake diba, duk abinda ka karawa ram kai tsaye zaka ganshi a gem. Kuma a bod mai silot hudu ba ko ina ake sawa ba, yawanci na biyu da na hudu ne idan ka kirgo daga bangaren firosesa, wato A2 da B2. Ka duba jikin bod din zaka ga an rubuta da kananan haruffa. Nasha ganin wanda ya jera su kusa da juna a na daya da na biyu, wannan hanya daya ya dora su duka.

Yanzu taimin, wanda shine inda ake yiwa mutane rufa ido a kasuwa. A jikin sitika zaka ga lambobi hudu a jere kamar 16-18-18-38. Yadda nake bayyanawa yarana na shago shine, ka dauka ram kamar jerin sito sito ne irin na 'yan hatsi a Dawanau, kowane sito cike da buhuna. Firosesa ce mai siya. Idan ta aiko tanaso buhu kaza, sai an fara bude siton da yake ciki, lokacin da ake jira daga bude kofa zuwa sanda za'a iya nuna buhun shine lamba ta biyu, tRCD. Daga nuna buhun zuwa sanda ya fito waje shine lamba ta farko, CL, wanda kowa ya sani. Idan buhu na gaba a wani siton yake dole a rufe wannan kafin a bude wancan, jiran rufewar shine tRP, lamba ta uku. Ta hudun, tRAS, shine mafi karancin lokacin da dole sito ya zauna a bude kafin a yarda a rufe shi. Dukkansu jira ne, don haka karami yafi.

Amma ga inda gizo ke sakar: wadannan lambobi ba sakan ake kirgawa dasu ba, bugun agogon ram din ake kirgawa. Ram mai sauri bugunsa gajere ne, saboda haka CL18 a ram mai sauri zai iya zama daidai da CL16 a wanda bai kaishi ba. Idan kanaso ka gane gaskiyar jiran ga lissafin, ka rike shi a wayarka ranar da zaka je siyayya: CL sau 2000, ka raba da sifid, abinda ya fito nanosakan ne. Dauki 3200 CL16, 16 sau 2000 shine 32000, raba da 3200 ya baka 10. Dauki 3600 CL18, shima 10 cif. Kaga jiransu daya, sai dai mai 3600 yafi wucewa da kaya da yawa a sakan, don haka ya dan fi. 3600 CL16 kuma 8.9 ne, wannan ram ne mai kyau sosai. Shi kuma 3200 CL22 da ya cika kasuwa 13.75 yake bayarwa, alhali shima 3200 aka rubuta masa baro baro, mai shago zai ce maka ai duk 3200 ne oga, kuma kudinsu ya kusa daya. A DDR5, 4800 CL40 yana bada 16.7, 6000 CL36 yana bada 12, 6000 CL30 kuma 10. Kaga ashe DDR5 na kasa kasa jiransa yafi na DDR4 mai kyau tsawo, abinda yake fansarsa shine fadin hanya. Duk wanda ya fada maka sifid bai fada maka CL ba rabin magana ya fada maka.

To wanne zaka zaba? Wannan firosesarka da bod dinka ne zasu fada, ba son ranka ba.

Idan Ryzen 3000 ko 5000 kake dashi a bod AM4, ka nemi 3600, CL16 in aljihu ya yarda, in bai yarda ba CL18 ko 3200 CL16 babu laifi ko kadan. Dalilin 3600 shine a cikin Ryzen akwai wata hanya da ta hada sassan firosesar, Infinity Fabric, agogonta a bayos FCLK ake rubuta shi, kuma tafi aiki da kyau idan tana tafiya kafada da kafada da agogon ram. Ram 3600 agogonsa 1800 ne, FCLK ma yawancinsu suna iya 1800 ba gardama. Wasu sukan kai 1900 wato ram 3800, amma ba kowace firosesa ba. Idan ka tura ram zuwa 4000 ko sama alhali FCLK ta kasa binsa sai su rabu, jira ya karu, ka biya kudi da yawa ka samu inji da bai kai na mai 3600 ba. Don haka bayan ka kunna furofayil ka tabbatar FCLK rabin sifid din ram take, akwai karamar manhaja ZenTimings da zata nuna maka MCLK wato agogon ram, da FCLK, da UCLK wato agogon bangaren firosesa mai kula da ram, a jere, kaga ukun sun zama daya. Masu Ryzen na farko irin 1600 da 2600 su kuma kar su wahalar da kansu, 2933 zuwa 3200 in ya tsaya a gode Allah.

Ryzen 7000 da 9000 a bod AM5 DDR5 kadai suke karba, kuma wajen da aka fi samun dadi shine 6000 CL30 mai EXPO. A nan abinda zaka duba shine UCLK ta zama daidai da MCLK, duka 3000, ita FCLK a barta wajen 2000 ba sai ta yi daidai dasu ba. Sama da 6000 zuwa 6400 yawanci bod zai raba UCLK biyu sai ribar ta zube. Kuma ka guji cika silot hudu a DDR5 in dai sifid kake nema, AMD da kansu a takardar Ryzen 7000 5200 suka rubuta wa kwaya biyu, kwaya hudu kuma 3600 kacal. In 64GB kake bukata siyi 32 biyu.

Bangaren Intel abin dubawa na farko cipset din bod ne, wato harafi da lambar dake sunan bod din kamar B460. Shekara da shekaru bod mai Z ko X ne kawai yake barinka ka wuce sifid din da Intel ta yanke, misali i5 na zubi na 10 a bod B460 ko H410 a 2666 zai tsaya ko ram din nawa aka rubuta masa. Daga B560 da H570 a 2021 ne suka bude kofa, B660 da B760 ma suna yi, H610 kuma har yanzu baya wuce iyakar firosesa. Tun zubi na 11 akwai abinda ake kira Gear 1 da Gear 2, a na farko bangaren firosesa mai kula da ram yana tafiya daidai da agogon ram, a na biyu kuma a rabinsa, a DDR4 ka tsaya Gear 1 da 3200 zuwa 3600, shine yafi karancin jira, DDR5 kuwa dama a Gear 2 yake tafiya ka barshi haka. Intel sunfi AMD daukar DDR5 mai sifid sosai, amma a ganina 6000 zuwa 6400 ya ishi kowa, abinda ke sama da haka kudi ne mai yawa a kan riba kadan ga kuma ciwon kai wajen tsayar dashi, balle yanzu da kudin ram ya tashi tun karshen 2025.

Kunnawar kanta ba wuya. Kashe injin ka kunna, kana dannan Delete ko F2 akai akai har bayos ya bude. Yawancin bod na yanzu a shafin farko ma zaka ga XMP ko EXPO ko DOCP an rubuta Disabled, in baka gani ba danna F7 a ASUS ko MSI ka shiga babban shafi, a ASUS yana karkashin Ai Tweaker, a MSI karkashin OC, a Gigabyte karkashin Tweaker. Zabi Profile 1, ka duba kaga sifid da lambobin taimin da boltej sun canza sun yi daidai da sitikar ram din, DDR4 yawanci 1.35V zai koma, sai ka danna F10 ka ajiye. Daga nan sikirin zai yi baki. Dan Allah kar ka yi saurin zare waya. Bod din yana gwada ram dinne yana daidaita kansa dashi, a DDR4 'yan sakanni ne, a DDR5 kuwa musamman AM5 karon farko zai iya daukar mintuna fanka na juyawa babu hoto. Ka bashi kamar minti biyar. In ya tashi koma CPU-Z ka tabbatar.

In kuma yaki tashi fa? Kar gabanka ya fadi, ba konewa yayi ba. Bod da yawa in sun gwada sau biyu uku suka kasa da kansu suke komawa saitin farko. In bai koma ba, zare wayar wuta daga bango, danne madannin kunnawa na dan lokaci wutar da ta rage ta fita, sai ka nemi batirin nan mai kama da kwandala a jikin bod, CR2032, akwai dan karfe a gefensa ka tura shi da farce batirin zai dago, ka ajiye shi minti biyar ka mayar, bangaren da aka rubuta alamar tarawa yana kallon sama. Wasu bod din suna da fin biyu da aka rubuta CLR_CMOS ko makamancin haka, hada su da bakin sukundireba na sakan goma shima yana yi. Bayos zai koma kamar sabo, sai ka gyara kwanan wata ka sake gwadawa, amma wannan karon bayan ka kunna furofayil din ka sauke sifid da hannu mataki daya, 3600 ya koma 3466 ko 3400 ko 3200, 6000 ya koma 5800 ko 5600, taimin ka barshi yadda yake. Sau da yawa kuma sabunta bayos ne maganin, musamman a bod din AMD, amma wannan kar ka kuskura ka fara shi a kan wutar nepa tsura, ka jona a UPS ko inbata, domin in aka dauke wuta ana tsakiyar rubuta bayos bod din zai iya mutuwa gaba daya.

Nan kuma nakeso ka bani hankalinka sosai. Tashin Windows ba shine shaidar ram ya zauna ba. Ram da bai zauna daidai ba baya ihu, a hankali yake barna: yau gem ya rufe kansa, gobe bulu sikirin, jibi ka fitar da bidiyon amarya bayan awa biyu kana jira ka tarar fayil din ya lalace a tsakiya, ko Windows din kansa ya fara rubewa kadan kadan har wata rana yaki tashi kace bairos ne. Dole ka gwada. Ka sa manhajar gwajin ram MemTest86 ko Memtest86+ a filash ka tashi injin dashi ka barshi ya zagaya sau hudu, ka kwana dashi in ya kama. A cikin Windows kuma TestMem5 ko gwajin ram na OCCT, awa daya zuwa biyu. Kuskure daya tak in ya fito ja, to saitin bai yi ba, babu wani ai daya ne kawai.

Kuma ka gwada shi a cikin zafin da zaka yi aiki dashi. Wannan abu ne da masu bidiyon Turai da Amurka basu cika damuwa dashi ba saboda dakinsu a sanyaye yake. Mu nan a watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, daki ba AC, girafik kad na huro iska mai zafi kai tsaye kan ram. Kwayoyin ajiyar ram kamar kananan randuna ne masu yoyo, cajin dake ciki yana tsiyayewa sai ana dawowa ana sake cika su akai akai, kuma zafi yana kara saurin yoyon. Shi yasa saitin da ya wuce gwaji lafiya lau da sanyin hunturu zai iya fara kawo kuskure da bazara. Na taba matse wani ram a watan Janairu ya kwana a gwaji ba kuskure ko daya, Afrilu na shigowa injin ya fara mutuwa da rana tsaka, da daddare kuma lafiya, na dade ina zargin wuta kafin na gane ram ne. Dana sassauta masa na kuma daura karamar fanka tana hura shi shikenan magana ta kare. Don haka ka rufe kes din yadda kake amfani dashi, ka yi gwajin da azahar, in da hali ka kunna gem ko wani aiki mai dumama girafik kad a lokaci guda. DDR5 yana da ma'aunin zafi a jikinsa, HWiNFO zai nuna maka. Kurar hunturu ma ka rika hure ta, in ram ya fara wasa wani lokacin cire shi zaka yi ka goge hakoran zinaren nan da roban goge fensir a hankali ka mayar har kaji ya yi kas ta gefe biyu.

Ga wanda yakeso ya wuce XMP ya matse da hannu, zan fadi kadan. Abu daya zaka rika canzawa a lokaci daya, ka rubuta a takarda, ka gwada, sannan ka kara. Fara da CL ka sauke da daya ko biyu, a Ryzen na AM4 in saitin Gear Down Mode na bayos a kunne yake CL mara ce kamar 15 baya zama sai ya koma 16, don haka da bibbiyu zaka rika sauka. tRCD shine mafi taurin kai, ya danganta da irin cip din da ke cikin ram din, Samsung B-die a DDR4 shine yayi suna wajen sauka har 14-14-14 a 3200, na Micron da Hynix da yawa basa yarda tRCD ya sauka haka. A DDR5 kuma Hynix ne a gaba. Abin mamaki ribar da tafi yawa ba a lambobi hudun nan take ba, tana cikin kananan da bod yake barinsu a sake, musamman tRFC wato tsawon lokacin da ake dauka ana sake cika randunan, da tREFI wato tazarar dake tsakanin cikawa da cikawa. Rage na farko da kara na biyu yana kawo sauri, amma su biyun nan sune zafi yafi bugawa, don haka a garinmu ni bana kai su karshe. Maganar wuta kuma, DDR4 a 1.35V lafiya ne, 1.40V ma yawanci babu damuwa, sama da 1.45V bana zuwa sai nasan cip din kuma akwai fanka a kansa, wasu cip din ma kara musu wuta kara rikita su yake. Boltej din SoC, bangaren firosesa da mai kula da ram yake ciki, a AM4 wajen 1.1V ya isa kar ya wuce 1.2V, a AM5 kar ya wuce 1.3V, wannan iyakar AMD ce da kanta ta sa a 2023 bayan wasu firosesa na 7000X3D sun kone saboda wutar SoC tayi yawa. In bod dinka AM5 ne na farko farko kuma baka taba sabunta bayos ba, ka sabunta kafin ka kunna EXPO.

Nasan da yawan masu karanta wannan laftof ce a hannunsu, irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad na hannu da ake saukewa a Beirut Road ko Computer Village, ko kananan OptiPlex da ProDesk na ofis. Gaskiya ku babu XMP a bayos dinku, kar ku bata lokaci kuna nema. Naku saitin a wajen siya ake yinsa. Ka duba iyakar firosesarka, misali i5-8250U a 2400 ta tsaya, ko ka sa mata 3200 zai sauko 2400, zaiyi aiki amma karin kudin ya tafi a banza. Na zubi na 11 irin i5-1135G7 suna daukar 3200. Kuma ka nemi ram da yake kai sifid dinsa ba tare da XMP ba, a nan 3200 CL22 din da na kushe a sama shine daidai, domin mai CL16 na 'yan gem in ka sa shi a injin da bashi da XMP zai iya fadowa 2400 ko 2666. Ka koyi karanta sitika: PC4-2400T shine 2400, PC4-2666V shine 2666, PC4-3200AA shine 3200. PC3L na tsofaffin laftof ne masu DDR3L mai 1.35V, kar a baka PC3 mai 1.5V a madadinsa domin wasu injinan basa tashi dashi. Inda aka rubuta 1Rx8 ko 2Rx8 yafi 1Rx16, in kana da zabi ka bar mai x16. In na tebur kake nema kaga bayan sifid din harafin R ya biyo, kamar PC4-2400T-R, wannan na saba ne, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, araha yake amma ba zai tashi a bod din gida ba, mai U ka nema. Idan ka hada ram biyu masu sifid daban dukkansu zasu sauko kan na kasan. 8 da 16 ma suna haduwa su yi aiki, wani bangare a hanya biyu ragowar a hanya daya, kuma hakan yafi kwaya daya nesa ba kusa ba. Wasu siraran laftof kuma ram dinsu a like yake da bod, wannan yadda ka siya haka zaka rabu dashi.

Kar kuma in sa maka dogon buri. In aikinka Word ne da burauza da kallon YouTube, daga 2666 zuwa 3200 da wuya ka ji wani bambanci, kuma in har yanzu had diski mai juyawa kake dashi to kudin nan ka kai shi wajen SSD tukuna. Masu gem, masu girafik na cikin firosesa, masu hada bidiyo da masu matse manyan fayil, su ne suke gani da idonsu.

Shi kanin nawa Ryzen 5 3600 ne a bod B450, ram 8GB biyu, sai muka tarar ma a silot na daya da na biyu aka jera su. Muka mayar dasu A2 da B2, muka kunna furofayil ya hau 3200 a 16-18-18-38, FCLK ta zauna 1600, ya kwana a MemTest86 washegari muka kara masa awa biyu na OCCT da rana kes a rufe, babu ja ko daya. Na ajiye masa saitin a cikin bayos da suna, yawancin bod suna da wajen ajiye furofayil, na kuma ce masa duk ranar da aka sabunta bayos ko batirin bod ya mutu yaga agogon kwamfutar ya rikice, to XMP ma ya kashe kansa, ya bude CPU-Z ya duba in 1600 yake gani ko ya koma 1066.